Wata guda muna gardama a fada: a wace duniya za mu yi wasanmu?

 

Yau labarin fadarmu muka kawo muku. Wasu za su ce, to shi ma wannan abin a ba da labari ne? Ku yi haƙuri ku ji. Gardama ce a kan wasa, amma ta kusa raba abokai bakwai da suka shekara goma suna shan shayi a zaure ɗaya.

Mu bakwai ne. Akwai babbanmu, direba ne, dukkanmu Yaya muke ce masa. Akwai mushen lakkol, akwai ɗan gidan maƙera mai aikin azurfa, akwai malamin makarantar allo, akwai mai gyaran salula wanda iyayensa mutanen Kawar ne. Sai ƙaraminmu da ya yi karatu a jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, da ƙanwarsa mai koyon aikin jinya, wadda tun da zauren na gidansu ne ba wanda ya isa ya hana ta zama. Belot muka saba yi, wani lokaci dara, wani lokaci ludo idan yara sun bar mana.

Ƙaramin namu shi ya dawo daga Yamai da wani sabon wasa a cikin wayarsa. Sunansa Dungeons & Dragons, Faransawa kuma suna ce masa Donjons et Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da shi a 1974. Ga yadda yake, don wanda bai taɓa gani ba. Ana zama a kewaye, mutum ɗaya yana ba da labari kamar mai gatana. Amma sauran ba saurare kawai suke yi ba, kowa yana da jaruminsa a cikin labarin, an rubuta a takarda ƙarfinsa da wayonsa da abin da ke cikin jakarsa. Mai labari ya ce: "Kun iso bakin rijiya, kun tarar da guga a yanke, me za ku yi?" Kai ne za ka faɗi abin da jaruminka zai yi. In abin mai wuya ne sai a jefa ɗan ludo, amma nasu mai fuska 20 ne, shi zai nuna ko ka ci nasara ko ka faɗi. Ba mai ci ba mai faɗuwa a tsakaninku, tare kuke tafiya. Kuma labarin ba ya ƙarewa a dare ɗaya, ana iya shekara ana ci gaba da shi duk mako.

Mu da muka ji haka sai muka ce ai wannan ayari ne, mai ba da labarin kuwa madugu. Sunan ya bi shi har yau. Ɗan maƙeranmu ma ya ce ba sai an dogara da waya ba, ya ƙera mana mai fuska 20 da kakin zuma da narkakken ƙarfe, yadda suke zuba kuros ɗin Agadas. Ya yi kyau ƙwarai, sai dai kullum a kan 7 yake tsayawa. Mun ajiye shi don ado.

Inna, mai gidan, da ta ga ana jefa abu a tabarma sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce: "Caca kuka kawo mini gida?" Madugu ya rantse mata ko dala ba a ajiyewa. Ta zauna ta ji na minti goma, ta ce: "Ashe gatana ce ta ƙattai." Ta tafi abinta.

Matsalar ta taso ne a kan abu ɗaya. Kafin a fara doguwar tafiya, dole a zaɓi duniyar da labarin zai gudana a ciki: wace ƙasa, wane zamani, su wa ke mulki, me ake tsoro, me ake nema. Masu wasan sun wallafa duniyoyi da yawa da taswirarsu da tarihinsu, sai ka zaɓa. Mu mun ɗauka zaɓin na kofi ɗaya ne na shayi. Sai da ya ci mana daren Asabar huɗu.

Asabar ta farko madugu ya kawo mana wadda aka fi sani, Forgotten Realms, ta wani ɗan Kanada, Ed Greenwood, wadda aka fitar a 1987. Daji ne mai duhu, da ƙanƙara, da gidajen sarakuna na dutse, da mayaƙa cikin sulke. Muka gwada. Wallahi madugu ya yi ƙoƙari, amma zauren ya yi tsit. Ya ce mun shiga daji, dusar ƙanƙara tana sauka, me za mu yi? Muka kalli juna. Ba wanda ya san me mutum yake yi in ƙanƙara tana sauka. A hura wuta? A gudu? A tsaya? Kowane taki sai mun tambaye shi, shi kuma sai ya duba waya. Mun zama baƙi a cikin labarinmu. Daga baya kuma aka zo wurin da kowane jarumi zai zaɓi abin bautarsa cikin gumakan wannan duniyar. Malam ya ajiye takardarsa a hankali ya ce: "Ku gafarce ni, ko da wasa bakina ba zai faɗi wannan ba." Ba wanda ya yi masa musu. Aka rufe wannan babi.

Asabar ta biyu madugu ya zo da murna, ya ce ya samo tamu. Al-Qadim sunanta, ta 1992, an gina ta a kan labaran Dare Dubu da Ɗaya. Akwai rairayi, akwai raƙuma, akwai aljannu da kasuwanni. Da farko mun ji daɗi. Amma ba a jima ba dariya ta ɓarke. Sahara ce irin wadda mai kallo daga nesa yake zanawa: ko'ina tudun yashi mai kyau, ko'ina dabino, kowa da rawani mai ƙyalli. Mutumin Kawar ɗinmu ya ce: "Madugu, raƙuman nan naka me suke ci?" Madugu ya ce littafin bai faɗa ba. Ya ce: "To ayarin nan ba zai kai ko'ina ba." Ya shiga yi mana bayanin yadda ayarin gishiri ke tashi daga Abzin wajen watan Oktoba zuwa Fashi da Bilma, tafiyar wajen kilomita 600, yadda ake ɗaure ciyawa dami-dami a ɗora wa raƙuma, a riƙa ajiye wasu a hanya don dawowa, a kai gero a komo da kantu da dabino. Muka bar wasan muna saurarensa har shayi na uku ya huce. A ranar muka gane abin da muka sani ya fi abin da ke cikin littafin daɗi.

Asabar ta uku ita ce ba za mu manta ba. Madugu ya ce tun da muna son sahara ta gaskiya, ga Dark Sun, ta 1991. Duniya ce da ta ƙone. Masu sihiri sun tsotse ranta, duk inda suka yi aikinsu tsiro sai ya zama toka. Ƙarfe ya yi wuya har da ƙashi ake yin makami. Azzaluman sarakuna sun riƙe birane da rijiyoyi, bayi sun yi yawa, ruwa ya fi zinariya. Mushe ya ce wannan kam ta yi ma'ana, akwai darasi a ciki. Muka fara. Madugu ya ce guguwa ta ɓatar da mu, kwana biyu ba mu ga alamar hanya ba, ruwan da ya rage na mutum uku ne, mu kuwa shida. Ya ce kowa ya jefa, a ga wanda jikinsa zai jure.

Aka miƙa wa Yaya. Bai karɓa ba. Ya daɗe yana kallon gawayi, sannan ya ce: "Ni na taɓa raba ruwa da murfin bido. Ba zan raba shi da ɗan ludo ba." Ya sa takalmansa ya fita.

Jama'a, duk wanda ke garin nan ya san abin da yake nufi. Kun tuna ranakun Litinin da motoci ke jeruwa su kama hanyar Dirku zuwa Libiya. Kun tuna dokar 2015-36 da ta hana jigilar baƙin haure, wadda aka fara tsananta ta a 2016, da yadda direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da aka sani don gudun kamu, suna bin hanyoyin da in mota ta lalace ba mai wucewa. Kun tuna mutum 92 da aka tsinci gawarwakinsu a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013, yawancinsu mata da yara. An soke dokar a Nuwamba 2023, amma wanda ya tafi ya tafi. Yaya yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, da ya tashi da mota a shekarun nan, har yau ba shi ba labarinsa. Duk mun sani. Mun je gaisuwa. Amma da muka zauna wasa ba wanda ya tuna, saboda a idonmu labari ne kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba a ƙarasa shayin ba a daren. Madugu ya ce shi ya bar wasan, tun da abin ya zama haka. Kwana uku Yaya bai leƙo zauren ba. Sai da Malam da Mushe suka same shi a tasha suka ba shi haƙuri. Ya ce ba fushi ya yi ba, ƙirjinsa ne ya cika. Ya ce a ci gaba, amma a nemo wani wuri.

Asabar ta huɗu sai Mushe ya ce: "Me ya kai mu aron duniyar wasu? Mu yi a Agadas." Nan fa zaure ya ɗauka. Ai muna da komai. Ga sarautar Abzin tun ƙarni na 15, da labarin da ake bayarwa na yadda ƙabilu suka gaji da rikici suka aika Santambul a ba su sarki. Ga zuwan Askiya Muhammadu na Songai a farkon ƙarni na 16. Ga hasumiyar babban masallaci, mita 27 ta ƙasa zalla, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ta a 1844. Ga lungunan tsohon gari da unguwanninsa 11 da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ga gidan da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka a 1850. Ga kufan Asode a cikin duwatsu, ga Takadda mai tagulla da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. Wane littafin Amurka ne zai ba mu irin wannan?

Muka ce to a yi a zamanin Kawsan, lokacin da ya kewaye barikin Faransawa tun daga Disamba 1916 har Maris 1917, Sarkin Abzin Tagama yana tare da shi. Aka fara rabon jarumai. A nan aka sake cijewa.

Wa zai zama wanda ya bi Kawsan, wa zai zama wanda ya ƙi? Wa zai zama tafintan Nasara? Bayan da sojojin Faransa suka iso daga Damagaram suka karɓe garin, an kashe malamai da mutanen gari. Malam ya ce a cikinsu akwai wanda gidansu ke ambata har yau in ana addu'a. Sai ɗan maƙera ya ɗaga hannu ya ce: "Ni tambayata ɗaya. In an koma wancan zamani, ni me zan zama? Maƙeri zan sake zama ina bin bayan wani? To wa zai zama bawa a cikinku?" Ba wanda ya amsa. Muna wasan taubasai a tsakaninmu kullum, Bahaushe ya tsokani Ba'abzine, Ba'abzine ya rama, a yi dariya a wuce. Amma wannan ba ta cikin abin da taubasantaka ke ɗauka. Fadar sarki tana nan da mai ita a ciki. Jikokin kowa suna nan, muna haɗuwa da su a kasuwa da wurin Biyanu. Tarihin garin nan bai huce ba har da za a sa shi a tabarma a jefa masa ɗan ludo.

Muka yi jugum. Duniya ta farko ta yi mana nisa, ba mu san hanya a cikinta ba. Ta biyu hotonmu ne da wani ya zana bai taɓa ganinmu ba. Ta uku da ta huɗu sun matso har sun taka mana ciwo.

Inna ce ta warware, ba da niyya ba. Ta shigo ɗaukar tire ta ga mun yi shiru, ta ce: "Ku dai ba ku iya gatana ba. Wa ya taɓa jin an ce Gizo ɗan unguwa kaza ne? Ana cewa wani gari ne, a wani zamani. Kowa ya san garinsu ake nufi, amma ba wanda zai ce an zagi kakansa."

Ƙanwar madugu, wadda tun farko ba ta cika magana ba, ta ce: "To mu koma lokacin da Tenere take da ruwa mana."

Mushe ya miƙe tsaye kamar yana aji. Ya ce shekaru wajen 10,000 da suka wuce inda muke gani rairayi yau tafkuna ne da ciyawa. Ya tuna mana raƙuman dawan Dabus da ke hanyar Arlit, waɗanda aka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Wanda ya sassaƙa su da idonsa ya gan su suna kiwo a wurin. Ya ba mu labarin Gobero, inda ayarin Ba'amurken nan Paul Sereno ya ci karo da tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000 suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da. Kaburbura wajen 200 a bakin tafkin da ya ƙafe, da masun kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada. Al'umma biyu ne suka zauna a wurin, tsakaninsu fari na shekaru wajen dubu. An samu wata yarinya da awarwaron haƙorin dorina a hannunta. An samu wata mace da yara biyu an binne su suna rungume da juna.

Zauren ya yi tsit, amma ba irin shirun makon jiya ba. Kowa ya fara gani. Yaya ne ya fara magana. Ya ce: "Kenan inda nake bi da mota, da jirgin ruwa ake bi?" Mushe ya ce wasu wuraren haka ne. Yaya ya ce: "To ni ne mai jirgi."

Daga nan abin ya zama kamar an buɗe famfo. Duwatsun sai muka bar su yadda suke, Bagzan tana nan, Timiya da ruwanta mai zubowa tana nan, don kowa ya san hawa da gangara. Amma gabas duk ruwa ne da tsibirai. Garin da jarumanmu suka fito ƙirƙirarre ne, ba sarkin da wani zai ce kakansa ne, ba ƙabilar da za a ce ita ake nufi. Mutumin Kawar ya ce a bar gishiri ya zama shi ne kuɗi. Ɗan maƙera ya ce a duniyar nan wanda ya fara narka ƙarfe shi ake tashi tsaye in ya shigo, kuma shi ne wannan mutumin. Muka ce mun yarda. Dodanni kuwa ba mu yi aro ba. Ga kadan Gadufawa da masana ke kira Sarcosuchus, mai tsawon babbar mota. Ga Nigersaurus mai haƙora wajen 500. Ga Jobaria da aka haƙo a yankin Ingal, wadda sunanta ma daga Jobar aka samo, wata halitta ta labaran Abzinawa. Mushe ya yi tsalle ya ce tsakanin waɗannan dabbobi da mutanen Gobero akwai shekaru sama da miliyan 100, ba su taɓa haɗuwa ba. Muka ce Mushe, a aji ka faɗi haka, nan gatana ce. Ya zauna yana gunaguni, amma shi ya fara neman a ba shi ɗan kada ya yi kiwo.

Muka kafa sharuɗa huɗu, madugu ya rubuta a bayan kalanda. Ba gumaka, abin mamaki a duniyarmu daga iskokin daji yake da sanin itatuwa da taurari. Ba bauta. Ba a mutuwa da ƙishirwa. Na huɗu Mushe ne ya kawo shi: ba a tone kabari. A yawancin waɗannan wasanni jarumi yana shiga kushewa ya kwashi dukiya a yaba masa. Mu kuwa mun san yadda ake kwashe kan kibiya da tukwane da ƙasusuwa daga Tenere a sayar wa baƙi, ba za mu koya wa kanmu cewa wannan jarumta ce ba.

To ina haɗarin yake, in an cire duk wannan? Madugu ya samo shi. A labarinmu tafkin ya fara ja da baya, kowace shekara taki kaɗan. Tsofaffi sun ce zai dawo, matasa sun ce a tashi. Aikin jarumanmu su gano dalili, su kuma hana mutanen bakin ruwa kashe juna kafin a gano. Mu da ke zaune a zauren mun san ƙarshen tafkin, don a kansa muke zaune. Jarumanmu ba su sani ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa gaban mutum faɗuwa.

Daren farko madugu bai duba waya ko sau ɗaya ba. Da ya ce iska ta juyo daga gabas da ja a sararin sama, ba wanda ya tambaye shi me za a yi, kowa ya san a ɗaure kaya a nemi bayan dutse. Da dare ya yi mana a tsakiyar ruwa, Yaya ya ce a ba shi wuri, ya kwatanta mana yadda ake riƙe hanya da taurari, yadda mahaifinsa ya koya masa. Madugu ya ce ba sai ka jefa ba, Yaya, ka kai mu. Muka isa tsibiri lafiya, mu shida cif, ba wanda aka bari a baya. Mun ga ya juya fuska yana gyara rawani. Ba wanda ya ce masa komai.

Mun ji akwai matasa a Sabon Gari da wasu a Arlit da suka fara irin wannan wasa, shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi abin da ya same mu. Kafin ku buɗe littafi ku zaɓi duniya, ku dubi fuskokin da ke kan tabarmar. Ku tambayi kowa abin da yake marmarin gani, ku kuma tambaye shi abin da ba ya son a taɓa, tun kafin a fara, ba sai ya tashi ya fita ba. Mu da mun yi wannan tambayar a daren farko, da ba mu sa babban yayanmu ya kwana uku yana juyayi ba. Ku nemi wurin da kowa ya san hanya a cikinsa, amma ba gidan kowa ba ne. A garin da kowace rijiya take da wanda ya rasa wani a kusa da ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu wata biyar kenan muna tafiya. Ɗan kadan Mushe ya girma har ya cinye mana akuya biyu. Sunan garin namu kuwa har yau ba a daidaita ba, Hausa za a sa ko Tamashek ko Tubanci, gardamar tana nan. Inna ta ce in mun gama ta sanar da mu nata.

Allah ya jiƙan waɗanda sahara ta riƙe, ya ba iyalansu haƙuri. Allah ya kai matafiya lafiya, ya bar mu da zumunci. Sai wani jiƙon.